Lungun Ilkka

Ranar Asabar ɗin nan Tuure Halkola ya farka bai san ta gefen da zai juya ba. Haƙarƙarin dama yana masa zogi tun wasan Laraba, kafaɗar hagu kuwa ya daina lissafa ta cikin ciwo, ta riga ta zama 'yar gida. Ya jima a kwance a ɗan ɗakinsa na saman gareji yana sauraron motar share dusar ƙanƙara tana kai da komo a titi. Shekararsa ashirin, amma sai da ya dafa bango kafin ya miƙe.

Aronsa aka ba mu. Wata babbar ƙungiyar hokin ƙanƙara ta can kudu ce ta rene shi tun yana ƙarami, da ya isa shiga cikin manya suka ce bai gama nuna ba, suka turo shi nan Lehmuskoski ya buga a rukuni na biyu, ya ji yadda maza suke. Ɗan baya ne, amma irin 'yan bayan nan da ba sa zama a baya. An ce a wasan matasa yakan ɗauki baƙin faifan robar nan daga bayan ragarsu, ya ratsa fili da shi har gaban ragar mutane, ana kallonsa kamar an ɗaure wa kowa ƙafa. Mu dai labari muka ji. Tun kaka yake tare da mu, ga shi har an shiga Fabrairu, bai jefa ko ɗaya a raga ba, kuma kwantiraginsa da babbar ƙungiyar zai ƙare da narkewar ƙanƙara.

Dalilin yana nan a fili, sai dai mu mutanen garin nan mun iya ganin abin da muke so mu gani.

'Yan baya biyu-biyu suke shiga, ɗaya dama ɗaya hagu. Idan abokan gaba suka rasa hanya, sai su wurga faifai can lungun bayan raga su biyo shi a guje. Dole ɗan baya ya juya ya bi, fuska ga bango, ƙeya ga ƙaton da ke tafe da niyyar haɗa shi da katako, kuma doka ta yarda. Ƙa'idar tsakanin abokan tsaro tsohuwa ce: wanda faifai ya faɗa lungunsa shi ke zuwa, ya ɗaga murya ya ce "Nawa!", ɗayan ya tsaya inda za a miƙa masa. Kowa da lungunsa, kowa da rabonsa na duka.

Abokin tsaron Tuure shi ne Ilkka Sormunen, kyaftin ɗinmu, wanda yaran ƙungiya ke kira Kaka. Shekararsa talatin da bakwai, bai taɓa sa rigar wata ƙungiya ba, kuma akwai magidanta a garin nan da ba su san filin ƙanƙara babu shi a ciki ba. Shi ya je tashar jirgin ƙasa ya ɗauko Tuure, ya ba shi ɗakin saman garejinsa, ya ce wa matarsa ta ƙara faranti ɗaya. Cikin makonnin farko Tuure ya lura da abin da ba wanda ya lura da shi: ƙugun Ilkka ya ƙi juyawa. Idon yana nan, hannun yana nan, amma kafin ya juya ya fuskanci lungu, an riga an wuce shi. Wata rana faifai ya faɗa lungun Ilkka, Tuure ya ga ba zai kai ba, ya ce "Nawa!" ya tsallaka, ya sha dukan, ya zura wa tsohon faifai a sanda. Da suka koma benci Ilkka ya ɗan buga masa sanda a ƙwauri. Shi ke nan. Tun daga ranar lungu biyu suka zama na Tuure, kuma ba su taɓa yin maganar ba.

Mu kuwa muka yi ta murna. Yaro ya ɗauko, tsoho ya miƙa faifai tsaf a sandar ɗan gaba, jaridar gari ta rubuta cewa Sormunen ya koma saurayi. Ba wanda ya tambayi abin da ya sa saurayin gaske yake tafiya kamar mai jinya.

Da Tuure ya sauko ɗakin girki ya tarar da Ilkka zaune a kan ƙaramar kujera yana fama da safa. Ya lanƙwasa, hannu bai kai ƙafa ba, ya koma ya huta, ya sake gwadawa. Marjut, matarsa, tana tsaye a bakin murhu ta juya masa baya, don ta san ba ya so a gani.

"Ɗan samari, ka tashi? Na ɗauka ka mutu ne in ba da ɗakin haya," in ji Ilkka.

"Ina kwana, Yaya."

"Ka ci da yawa. Yau 'yan arewa za mu karɓa, kuma ka san ba su da sana'a sai wurgi da bi."

Ya samu safar ta shiga, ya sa takalmi, ya fita ya cire wayar lantarkin da ke ɗumama injin mota. Marjut ta ajiye wa Tuure kwanon kunu da baƙin burodi da kofi. Da ya miƙa hannu zai ɗauki man shanu rigarsa ta ɗage, ta ga gefen cikinsa, shuɗi a kan kore a kan rawaya.

"Wannan fa?"

"Ba komai, matar Yaya. Aikin ne haka."

"Ni za ka gaya wa aikin? Shekara nawa ina wanke kayan aikin nan?" Ta leƙa ta taga, ta rage murya. "Kai kana ɗauko masa, shi kuma yana ganin da sauransa. Jiya cewa ya yi zai ƙara shekara ɗaya. Mutumin da safa ke gagara."

Tuure ya sunkuyar da kai yana juya kunu.

"Ba na ce ka yi laifi ba," ta ce. "Na gaji ne kawai. Ci abincinka."

Sun isa fili da wuri kamar kullum. A zauren shiga, wajen da ake sayar da kofi da soseji, wani mutum mai doguwar baƙar riga ya ɗaga wa Tuure hannu. Karppinen ne, mai kula da 'yan wasan da babbar ƙungiya ta ba da aro. Ilkka ya gan shi, ya gyaɗa masa kai, ya wuce ɗakin sauya kaya da jakarsa.

Karppinen bai ɓata lokaci ba. Ya ce wani ɗan bayansu ya karye a hannu, suna bukatar mutum ranar Litinin. Su biyu ake dubawa, Tuure da wani yaro da ke aro a wani gari, kuma wancan yaron yana jefa faifai a raga.

"Na kalli wasanninka duka," ya ce. "Mun turo ka ka koyi tsaro, ba mu ce ka zama ɗan dako ba. Me kake nema kullum a lungun da ba naka ba?"

"Na fi saurin kaiwa ne, ranka ya daɗe."

"Ka fi saurin kaiwa." Karppinen ya hura kofinsa. "To kana kaiwa, ana niƙa ka, kafin ka tashi wasa ya tafi ya bar ka. Ni yaron da na sani yana gaba tare da faifai. Yau ka tsaya a gefenka, in naka ne ka je, in ba naka ba ne ka shirya tafiya gaba. In na gan shi, Litinin ka zo. In ban gan shi ba, zan faɗa maka gaskiya, ba na jin za a sabunta maka."

"Na ji."

"Ji ba shi ne ba. Je ka shirya."

A ɗakin sauya kaya ana ta hayaniyar da aka saba. Mai tsaron raga, Joonatan, yana tsokanar kowa don ya kori tsoron kansa.

"Kai Tuure, na ga baƙonka. Sun zo karɓar kayansu ne? Ka ce musu mun ɗan yi amfani da shi, amma bai lalace sosai ba."

Aka yi dariya. Ilkka yana gefe yana naɗa wa sandarsa salatif, a hankali, kamar yadda yake yi tun kafin a haifi rabin mutanen ɗakin. Bai tambayi abin da Karppinen ya ce ba. Tuure ya so ya tambaya, don da ya tambaya da an samu bakin magana. Ya zauna kusa da shi ya ɗaure takalmansa.

Da aka fara wasa, jiki ya riga tunani. Faifan farko da aka wurga lungun Ilkka, Tuure ya ji bakinsa ya ce "Nawa!" tun bai yanke shawarar komai ba. Ya tsallaka, ya kai, wani ƙato ya haɗa shi da bango daidai kan haƙarƙarin Laraba, numfashinsa ya ɗauke. Ilkka ya karɓi faifai ya miƙa gaba, jama'a suka yi tafi. Haka aka yi ta yi har zangon farko ya ƙare. Da Tuure zai fita ya ɗaga kai sama inda Karppinen yake zaune shi kaɗai, ya ga mutumin ya duƙufa a kan wayarsa, ko fili ba ya kallo.

Lokacin hutu Tuure ya zauna da tawul a ka. Ba fushi yake ji ba, gajiya ce, irin wadda ta wuce tsoka ta shiga ƙashi. Ya tuna asubancin da mahaifiyarsa ta yi ta yi tana kai shi atisaye cikin duhu, da makarantar da ya bari rabi, da abokan da suka daina kiransa don kullum yana fili. Bai iya komai ba a duniya sai wannan. Ya tuna kuma farantin da aka ƙara masa a gidan nan, da yadda Ilkka ya koya masa duban ƙugun ɗan gaba ba sandarsa ba. Ya ji kunyar abin da yake shirin yi tun bai yi ba.

Ba a jima da komawa zango na biyu ba aka wurgo faifai ta gefen Ilkka. Ya bi jikin bango yana ƙara, ya faɗa lungu. Tuure ya ga komai. Ya ga yaron arewan da ke tafe, ya san zai riga shi kaiwa in ya tashi yanzu. Kalmar ta zo har bakinsa, ya danne ta da haƙori.

Ilkka ya jira. Ba wani dogon jira ba ne, ɗan tsaikon da mutum ke yi in ya saba jin wata murya, amma a kan ƙanƙara wannan ya isa. Da bai ji ba sai ya juya da kansa, kuma duk wanda ke filin nan ya ga juyin: ƙafa ɗaya ta tafi, ɗayar ta ƙi, jiki ya karkace, sanda tana lalube. Yaron arewa ya wuce shi kamar an kafa turke, ya ɗauki faifai, ya zagayo raga ya miƙa wa ɗan'uwansa. Joonatan bai ma motsa ba, jar fitilar da ke nuna an ci ta kama a bayansa.

Filinmu ya yi tsit. Mu mutane ne masu ihu in alƙalin wasa ya yi kuskure, amma wannan ba wanda za a yi wa ihu. Dattawan da ke zama a layin gaba tun zamanin da, kowa ya sami abin kallo a cikin kofinsa.

A benci Ilkka ya zauna yana haki, ruwa na ɗiga daga hular kwanonsa. Tuure ya zauna gefensa, don nan ne wurinsa, ba inda zai je. Ya jira zagi, ko harara, ko dai wani abu. Ilkka ya kurɓi ruwa ya tofar, yana kallon fili.

Kafin zangon ya ƙare abin ya sake faruwa, kuma wannan karon 'yan arewa sun gane. Kocinsu yana nuna musu lungun da hannu, ko ɓoyewa ba ya yi. Suka bar gefen Tuure gaba ɗaya, duk wurgi sai gefen tsoho. Na biyu ya shiga. Shi kuwa Tuure, da ba ya kwance a gindin bango, sai ga shi da ƙafafu. Sau biyu ya ɗauki faifai ya haura da shi har shuɗin layin da ke ɓangaren abokan gaba, ya ji iska a fuskarsa kamar da, ya ji daɗi, ya kuma ji haushin kansa da ya ji daɗin.

A hutun ƙarshe ɗakin ya yi nauyi. Koci Leskinen ya shigo ya rufe ƙofa. Ya buga wasa tare da Ilkka a da, shi ya sa maganar ta yi masa wuyar fita.

"Kaka, me ke faruwa?"

"Tsufa," in ji Ilkka.

Joonatan ya fara dariya, ya ga ba mai taya shi, ya haɗiye.

"Ka ji ciwo ne yau?"

"Ba yau ba. Tun kaka."

Leskinen ya dube shi, ya dubi Tuure, ya dubi yadda yaron ya riƙe gefen cikinsa. Ba wawa ba ne, shi ma dai ya ga abin da yake so ya gani ne wata da watanni. Ya shafa fuska. "Zan zaunar da kai sauran wasan."

"A'a. Ka bar ni in ƙarasa wannan. Bayan nan ka yi abin da ka ga dama."

Da koci ya fita Tuure ya matso. "Yaya, ni fa..."

"Ɗaure takalminka, ya kwance."

"Ka bari in yi maka bayani."

"Bayanin me? Lungun nan nawa ne. Tun ina shekararka nawa ne." Ilkka ya miƙe da kyar yana dafa sanda. "Saurara. In sun wurgo, kada ka ko waiga. Ka tafi gaba, zan nemo ka. In na ga ka dawo taimako, na rantse da sandar nan zan raba ka da haƙora."

Zango na uku Ilkka ya sauya dabara. Tunda ya san ƙafa ba za ta kai shi ba, sai ya riƙa ja da baya tun kafin a wurgo, yana karanta hannun mai wurgin. Faifai na barin sanda sai a ji muryarsa, wadda ba mu ji ba tun kaka, ta dishe amma ta cika fili: "Nawa!" Yana kaiwa, da kyar, kuma yana biya. Yaran arewa ba su san shi ba, ba su girma da hotonsa a bango ba, suka yi ta maka shi da katako iya ƙarfinsu. Ana jin ƙarar har layin sama. Kowane karo tashinsa ya fi na baya daɗewa. Marjut tana wurin zamanta na kullum, ta haɗa hannuwa a cinya, ba ta yin tafi, ba ta yin ihu.

Tuure bai waiga ba. Ƙarar kawai yake ji a bayansa, kuma ya san daidai yadda kowace take a jiki.

Ana dab da tashi aka sake wurgowa. "Nawa! Tafi!" Ilkka ya kai lungu, mutum biyu a bayansa, kafin su haɗa shi da bango ya ɗaga ido sau ɗaya ya saki faifai. Ya ratsa tsakiyar fili ya sauka a sandar Tuure kamar an ajiye da hannu. Sauran kuwa abin da aka ba mu labari ne tun kaka: ya kauce wa ɗaya, ya bar ɗayan yana neman ƙafarsa, ya ɗaga faifai ta saman kafaɗar mai tsaron raga. Jama'a suka tashi tsaye, 'yan'uwansa suka rufe shi suna bubbuga masa hula.

Cin farko na ɗan wasa a cikin manya, ba a barin faifan a fili. Babba a ƙungiya ke zuwa ya ciro shi daga raga. Da Tuure ya ɗago daga cikin masu rungumarsa sai ya hango Ilkka can ɗaya ƙarshen, ya tashi daga gindin bango, yana tafe. Tsawon filin gaba ɗaya ya taho, a hankali, yana jan ƙafa ɗaya. Alƙalin wasa ya riga ya ciro faifan, da ya ga mai zuwa sai ya tsaya ya jira shi ya miƙa masa.

An ci mu biyu da ɗaya. Ba wanda ya damu da wannan a daren.

A ɗakin sauya kaya Ilkka ya naɗa wa gefen faifan farin salatif, ya rubuta kwanan wata kamar yadda ake yi, ya jefa wa Tuure a cinya.

"Tun kaka kai kake ɗauko mini. Wannan ɗaya dai ni na ɗauko."

Karppinen ya leƙo daga ƙofa, ya ce wa Tuure ya hau jirgin Lahadi, atisaye Litinin da safe. Yara suka yi shewa, Joonatan ya ce kada ya manta da talakawa. Leskinen ya kira Ilkka ofishinsa, ba su jima ba. Da aka shiga sauna, ɗakin wankan tururi, wurin Ilkka na saman benci, kusa da bokitin ruwa, ba kowa. Ba wanda ya hau wurin, ba kuma wanda ya tambaya. Tuure ya zauna a ƙasa inda sababbi ke zama, zafi na cin raunukansa, yana jiran farin cikin da ya yi shekaru yana tsammani. Barci kawai yake ji.

Washegari Marjut ta haɗa masa burodi da kifi a leda. A bakin gareji ya ga jakar kayan wasan Ilkka, ba a shanya komai ba, ba a ma zuge ta ba, an tura ta ƙarƙashin teburin aiki wajen tayoyin bazara.

"Matar Yaya, ki yafe ni."

"Me ka yi mini?" Ta gyara masa wuyan riga. "Jiya ya yi barci har da minshari. Ni ce ban yi ba. Je ka, kada jirgi ya wuce ka."

Ilkka ya ce shi zai kai shi tasha, ba wanda ya isa ya hana. Shigarsa mota aiki ne, fitarsa ya fi. A hanya suka yi maganar sanyi, da hanyar da ba a share da kyau ba, da abincin kudu da ba ya riƙe ciki. Suka tsaya a dandamalin jirgi su biyu, hayaƙin masana'antar takarda yana miƙewa sama cak don babu iska.

"Laraba za ka buga?" Tuure ya tambaya, ko da yake ya sani.

"Wa zai je lungu?" Ilkka ya ɗan murmusa. "Can in ka je, abokin tsaronka zai kai nasa da kansa. Kada ka je kana yi wa mutane ihun 'nawa', su ɗauka ba ka da tarbiyya."

"Yaya, da na faɗa maka tun kafin wasa."

"Da ka faɗa, da na ce ka yi. Da ka yi, da na ji zafi duk da haka. Ni ne ya kamata in yi magana tun kaka, na ga kana sha, na yi shiru don ina so in ƙara buga wani wasan. To an buga."

Jirgi ya shigo. Ilkka ya zare safar hannunsa don su yi musabaha, ta suɓuce ta faɗi a kan dusar ƙanƙara tsakanin ƙafafunsu. Tuure ya riga ya fara sunkuyawa, Ilkka ya ɗora takalmi a kanta.

"Bar ta."

"Haba Yaya, safa ce kawai."

"Na ce bar ta. Shiga jirginka."

Tuure ya ɗauki jakarsa da sandunansa ya shiga. Ya sami kujera a bakin taga, ya zauna ta gefen da ba ya ciwo sosai, faifan yana tokare masa cinya ta cikin aljihu. Ilkka yana tsaye inda ya bar shi, hannu ɗaya tsirara cikin sanyin nan, safar tana ƙasa a gaban takalminsa. Bai ɗaga hannu ba, bai kuma tafi ba. Jirgi ya fara motsi, sai a lokacin Tuure ya gane abin da tsohon yake jira: so yake jirgin ya wuce tukuna kafin ya gwada sunkuyawa.

Tuure ya kau da kansa daga tagar ya bar shi ya yi.